Kunyar Ɗan Fari a Inda Babu Kaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Sa'adatu, tare da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa lorin da ya ɗauke ku daga Mai Wurno ya sauke ku lafiya, ke da maigidanki da angona Haruna. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Na cusa takardar nan cikin ƙullin garin kunu don na san shi za ki fara kwancewa. Da ajami na rubuta, kin san shi kaɗai na iya. In hannuna ya ba ki wuya ki bi a hankali.

Ba labari zan ba ki ba, ai yanzu muka rabu. Magana ɗaya ce na yi ta juyawa a baki tun ranar suna na kasa furtawa. Haruna bakwaini ne, kuma ɗan farinki ne. Inda za ki, can bayan Damazin, babu ni, babu uwar mijinki, babu gwaggo ko ɗaya. Maigidanki zai fita gona da sassafe, sai magariba. Na ga yadda kika riƙe kunyar ɗan fari a gidan nan: ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa, in kina ba shi nono fuskarki na kallon bango. A nan babu laifi, ga ni ga ƙannenki, yaro na yawo daga hannu zuwa hannu. Amma in kika tafi da wannan hali can, yaron nan zai wuni bai ji muryar mutum ba. Haka na yi da yayanki, kuma na ga abin da ya biyo baya.

Kin san a kambo aka haife shi, amma ba ki san kambo ba, ke a gida kika tashi. 'Yan bukkoki ne na leburori a gefen babbar magudanar ruwa, kusa da Wad Haddad. Lokacin Turawa ba su tafi ba. Babanki ya kai ni can ina amarya, muna yi wa wani mai hawasha, wato gonar hayar gwamnati, aikin auduga. An shirya zan dawo gida goyon ciki in an gama tsinkar auduga, in haihu gaban innata kamar kowace mai cikin fari. Yaro bai jira ba. Ina tsakiyar kunyoyin auduga da kwando a hannu naƙuda ta kama ni, ciki wata bakwai.

Da na gan shi ban yi zaton zai kai la'asar ba. Fatarsa ja, kana ganin jijiyoyi, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Muka naɗe shi da audugar da na tsinko da safen nan, muka shimfiɗa shi cikin kwando kusa da kaskon garwashi. Da mufattish mai duba gonaki ya leƙo ranar, da ya ce mun saci audugar gwamnati. Bai iya kama nono ba, sai in tatsa a ludayi in riƙa ɗiga masa.

Aka aika gida, Gwaggo Dije, ƙanwar kakanki na wajen uba, ta zo yi mini wankan jego. Mace ce mai ƙoƙari, Allah ya jiƙanta, ba don ita ba da yayanki bai rayu ba. Amma ran da ta iso ta tarar na sunkuya kan kwandon ina kallonsa, sai ta ce:

"Ke ɗiyag ga, mi kika kallo? Ina kunyakki? Ɗan hwari na fa. Kuma irin waɗanga baƙi na, ba a san ko sun zamna ba. Kak ki saba da shi, kak ki ɗora rai."

Na ja zane na rufe kwandon. Daga ranar na kama bakina.

Ba Gwaggo nake zargi ba. Abin da ta sani ta faɗa, ta binne irinsa da hannunta ba ɗaya ba. Kuma muddin tana nan yaron bai rasa murya ba, don ita tana yi masa surutu in tana gasa masa jiki. Abin da ban lura ba shi ne, da ta tafi, ta tafi da muryar. Bayan arba'in ta koma gida. An so in bi ta, aka ga yaron ba zai jure jijjigar lori ba. Kafin ya yi ƙwari damina ta faɗi, kin san lakar ƙasar nan ta Jazira, ko jaki sai ya yi da gaske. Daga an jima, daga baɗi, sai ga mu mun zauna. Bukka ta rage daga ni sai shi, babanki yana bakin ruwa yana ban ruwan gona. Ni kuwa ina nan ina ta kunya, alhali babu ko mutum ɗaya da zan ji wa kunyar.

Sa'adatu, waɗanda suka ɗora mana kunyar ɗan fari ba wawaye ba ne. A gidan da suka yi ta, uwa na kau da kai kaka na miƙo hannu. Yaro ba ya asarar komai, sai ma ya sami uwaye biyar maimakon ɗaya. A gida mai cike da mata aka yanka wannan al'ada aka ɗinka ta. Ni na ɗauke ta na kai ta bukkar da babu kowa. Ke ma bukkar da babu kowa za ki, ko da an yi mata rufin kwano.

Akwai kuma abin da ya ruɗe ni, kuma zai ruɗe ki, don na ga alamarsa ga Haruna. Bakwaini ba ya neman mutum. Yaron da ya cika watanninsa shi ke jan uwarsa da hira ko ba ta so: ya tsala kuka, ya kafe ta da ido, ya wangale baki yana dariya, dole ta tanka. Bakwaini barci yake yi. In ya farka ya kalli rufin ɗaki, ya gaji, ya koma. Ƙarfinsa duka ya tafi wajen numfashi da tsotso. Sai ka ɗauka ba ya bukatar komai. Babanki yakan dawo ya leƙa shi ya ce, "Yaron ga ba shi da rigima, Allah shi yi mai albarka." Ni ma ina jin daɗi, ina cewa Allah ya ba ni mai haƙuri. Ashe ba haƙuri ba ne, ƙarfin kira ne ba shi da shi. Don haka kada ki jira Haruna ya fara. Ke za ki fara, ki kuma farawa, ko da kin ga kamar da bango kike magana.

Da ya yi ƙwari na koma gona da shi a baya. Mutane na ganin goyo sai su ce ai yaro na tare da uwarsa. Tare muke, amma ƙeyata yake kallo daga hantsi har la'asar. Bai ga bakina yana motsi ba. Sauran mata in sun zauna shan ruwa sukan sauke nasu su ɗora a cinya, suna tsokanarsu suna yi musu tawai. Ni sai in koma gefe in juya baya in ba shi nono, in mayar da shi. Ana yabona, ana cewa amaryar Malam akwai kunya. Yabon nan ya yi mini daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Ya yi zama a makare, ya yi tafiya a makare, duk ban damu ba, an ce haka bakwaini yake. Amma aka yaye shi, aka sake tsinkar auduga, aka sake wata, babu ko "Baba". Yaran da aka haifa bayansa suna aike, shi in yana son abu sai ya kama zanena ya ja ni, ya nuna da yatsa. Ni kuma in miƙa masa ba tare da na ce komai ba. Mun ƙware a wannan, ni da shi, har ba ma bukatar baki. Nan ma ki kula. In Haruna ya nuna randa, kada ki miƙa masa moɗa kawai. Ki ce, "Ruwa? Ruwa kake so? Ga ruwa." Ba za ki hana shi ba sai ya faɗa, wannan mugunta ce. Ki dai haɗa masa abin da sunansa.

Da abin ya fara damun babanki, sai muka shiga neman magani ko'ina ban da cikin ɗakinmu. Aka yi rubutu ya sha, Allah ya saka wa malamai. Aka ce kurma ne, babanki ya buga tasa a bayansa, yaro ya zabura ya fashe da kuka. Aka ce linzami ne ya ɗaure masa harshe, muka ɗauke shi har Wad Haddad wurin wani tsohon wanzami Basakkwace. Ya buɗe bakin ya ɗaga harshen da yatsa, ya duba, ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Halshe nai lahiya lau shike," in ji shi. "Babu abin da za ni yankewa. Ku tai da shi gida."

Ni kuwa a ranar haushinsa na ji, mun sha rana a banza. Daga nan babanki ya ɗauki wata hanya. In ya dawo da yamma sai ya tsayar da yaron gabansa ya ce, "Ce Baba. Ce Baba mana!" Yaro ya sunkuyar da kai, babanki ya ɗaga murya, yaro ya saki fitsari. Kada ki bari a yi wa Haruna haka, ko maigidanki ne. Kada kuma ki riƙa jera shi da 'ya'yan mutane. In dole sai kin gwada, ki fara cire masa wata biyun nan da bai yi a ciki ba, sannan ki ƙara masa uzuri a kai.

A lokacin ina da cikin yayarki wadda ba ta zauna ba, goyo ya gagare ni. Bukkar da ke kusa da tamu ta wata Balarabiya ce, Nafisa, mijinta ya rasu, tana toya kisra, wainar dawan nan mai faɗi, tana sayar wa leburori. Ta ce in riƙa bar mata shi in zan tafi gona. Nafisa ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa, kuma ban taɓa ganin mai surutu irinta ba, sai fa ke. Tana magana da kaji, tana magana da itacen da ya ƙi kamawa, tana zagin hayaƙi. Sai ta zaunar da yayanki a tabarma yana fuskantarta, tana shafa ƙullu a kasko tana ba shi labarin duk abin da hannunta ke yi. Ta tambaye shi, ta yi shiru tana kallonsa kamar mai jiran amsar babban mutum, in ya motsa baki ta ce, "Wallahi gaskiyarka!" ta ci gaba. Ni dariya abin yake ba ni. Na ɗauka kaɗaici ne ya taɓa ta.

Ba a rufe wannan kakar ba. Wata rana na dawo daga gona da azahar, na tsaya bakin rumfarta ina sauke kwando. Yayanki na zaune, ya gan ni sarai. Sai ya juya wajen Nafisa ya ɗaga hannu ya ce, "Yumma, moya."

Uwa ya kira, ruwa ya roƙa, da Larabci, kuma ba ni yake nufi ba. Maganarsa ta farko ke nan da na ji a duniya, ya haura shekara uku.

Nafisa ta yi guɗa, ta ɗauke shi tana juyi. Sai ta ga fuskata ta tsaya. Ta ce da Larabci, "Ya bitti, 'yata, kada ki yi fushi da shi. Wanda yake ji shi ya kira." Ba da gori ta faɗa ba. Na yi godiya, na ɗauki ɗana na shiga bukka. Na yi murna, wallahi na yi murna, ɗana ba bebe ba ne. Kuma na ji ciwon da ban taɓa ji ba, ko ranar haihuwarsa.

Washegari na tafi da shi gona duk da cikin. Na shiga can tsakiyar auduga inda ba mai ganina, na zaunar da shi gabana. Kin san mene ne? Na rasa abin da zan ce. Ɗana ne, na haife shi na shayar da shi, amma bakina ya yi nauyi kamar na tsaya gaban suruki. Daga ƙarshe na tsinko auduga na ce, "Ka ga wannan? Auduga ce. Da ita aka naɗe ka." Ya dube ni kamar jaki ne ya yi magana. Haka muka fara. Kullum kaɗan, ina aiki ina faɗin abin da nake yi, kamar yadda na ga Nafisa na yi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yin shiru in jira shi. Bakwaini yana daɗewa kafin ya mayar. In kika yi masa magana ki ba shi lokaci fiye da yadda kike ganin ya isa, don sau da yawa kin riga kin juya sannan amsar ke fitowa.

Hausa ta zo masa, amma a bayan Larabci ta zo, kuma a hankali. Ga shi yau magidanci, yana gyaran injin ban ruwa a Abu Hujar, ba wanda zai ce ya taɓa rasa baki. Ban ce ni kaɗai ce sanadin jinkirinsa ba. Bakwaini dama da nasa jinkiri yake zuwa, Allah ne masani. Amma na san shekarun da ya fi bukatar murya ban ba shi ba. Kin kuma ga yadda muke da shi. Ya zo ya durƙusa, ina kwana Inna, lafiya lau, ya ajiye sukari da shayi, ya tashi. Mutane na cewa ladabi. In abu ya dame shi ba ni yake faɗa wa ba. Muddin Nafisa na da rai, lori yake hawa ya je kambo ya zauna bakin kaskonta ya amayar da cikinsa. Ban taɓa hana shi ba, da wane baki?

Ke kuwa a Mai Wurno na haife ki, ba ɗiyar fari ba, ba bakwaini ba, kuma na riga na sha darasi. Tun kina tsumma nake zuba miki. Sakamakon haka kika tashi da bakin da har yau ba a samo murfinsa ba. Kina 'yar mitsitsiya kika tare mai kifi a ƙofar gida kika ce masa kifinsa na jiya ne. Shi ya sa abin yake ba ni mamaki, wai ke Sa'adatu, aku mai bakin magana, ke ce kika zama bebiya a gaban ɗan da bai kai tulu nauyi ba.

Na ga maigidanki ya sayo rediyo zai tafi da shi. Yana da kyau, zai ɗebe miki kewa. Amma kada ki kunna wa Haruna ki ce ya sami abokin hira. Rediyo ba ya kallon yaro, ba ya jiransa, ba ya sanin ya yi murmushi. Kuma maƙwabtanki a can za su ce ki yi masa Larabci kawai don kada harshe biyu su rikita shi, tunda ga shi rarrauna. Kada ki saurara. Larabci zai same shi a ƙofar gida ko kin so ko kin ƙi. Ke ki yi masa da harshen da kike mafarki da shi, wanda in kin yi tuntuɓe shi ke fita daga bakinki. In kin gauraya, kamar yadda ku 'yan yanzu kuke yi, ba komai, ya fi shiru. In kin sami maƙwabciya mai surutu ki riƙe ta hannu bibbiyu, amma ta zama ƙari, kada ta zama madadinki. In kin ga yana kau da kai ko yana hamma, ya gaji, ki ƙyale shi ya huta. Ba wa'azi za ki yi masa ba. Lokacin wanka, lokacin nono, lokacin da kike tuƙa tuwo yana kwance kusa, waɗannan sun isa, in dai fuskarki na wajensa.

Na san abin da ke ranki: me dangin miji za su ce. Na riga ki. Shekaranjiya na je wurin uwar mijinki da goro, na faɗa mata duk abin da na rubuta miki. Ta ce, "Mu dai ba mu gada ba, uwa ta zamna tana zance da ɗan hwari."

Na ce, "Hajiya, zaman daji babu tsohuwa ma ba mu gada ba. Ko za ki bi su ki riƙa yi mai zancen?"

Ta yi dariya ta ce gwiwoyinta ba za su hau lori ba. Daga baya ta ce, "To, ta yi. Amma in mun zo, ta ɗan kama kanta gaban mutane." Na ce an gama. Saboda haka in baƙi sun zo daga gida, ki ja gyale ki kau da kai, ki ba su kunyarsu su tafi da ita. Sunansa ma in ya yi miki nauyi, ki laƙaba masa wani, ba a sunan abin yake ba. Wanda duk ya ce miki marar kunya, ki ce Innarki ce ta sa ki, ya zo ya same ni.

Jiya da hantsi na dawo daga kogi da tulu a kai. Na zo bayan zanar ɗakinki sai na ji murya ƙasa-ƙasa. Ke ce, kin ɗauka gidan ba kowa. Kina ce masa, "Gobe za mu hau lori, ka ji? Kai da ba ka da nauyi, kada iska ta ɗauke mini kai." Na tsaya cik, tulu a kai, har wuyana ya ƙage, don kada ki ji motsina. Kika yi shiru kaɗan. Sai na ji shi, wata 'yar ƙara daga maƙogwaro, ba kuka ba. Ya amsa miki, Sa'adatu, da kunnena na ji. Kika ce, "Iye? Me ka ce?" Sai ruwa ya zubo mini a kafaɗa na motsa, takalmina ya yi ƙara. Ko da na shigo kin juya masa baya kina ninke kayan da kin riga kin ninke, shi kuma yana ta waige yana neman inda muryar ta tafi.

A can babu takun ƙafata da zai katse ki. Ki koma ki ji abin da ya ce.

Allah ya raya Haruna, ya ƙarfafa ƙashinsa, ya buɗe bakinsa da alheri, ya sa kalmar shahada ta zama cikin abin da zai fara koya daga gare ki. Allah ya ba ki lafiyar shayarwa, ya zaunar da ku lafiya da maigidanki, ya kare ku daga zazzaɓin damina. Babanki yana sa albarka. Ki shafa mini kan angona, ki gaya masa da bakinki cewa matarsa ta Mai Wurno tana gaishe shi.

Wassalam.

Innarki.